Kada Zabuwa Ta Isa Gida Tukuna

Da sunan Allah. Ni Lubabatu, ta gidan marigayiya Inna Delu a unguwar Birni ta Damagaram, na rubuta wannan da hannuna. Hankalina ɗaya ne, ko da ƙanena Illa zai ce bai taɓa ganinsa ba. Gobe Gwaggo za ta tafi da ni Kano don a rage baki a gida. Matafiyi ba shi da tabbacin komowa, shi ya sa na bar muku wasiyya, ku ƙannena huɗu da na goya tun rasuwar Inna. 'Ya'yana ne ku.

Na ɗaya. Littattafan labaraina, waɗanda na ɗinke da zaren Inna, na Zainaba ne, don ita kaɗai ke wanke hannu kafin ta taɓa takarda. Na farkon ya tsufa, a lallaɓa shi. Shi ne wanda mushe, malaminmu, ya karanta a gaban aji a lakwal, makarantarmu ta boko, ni kuwa na shige ƙarƙashin tebur har aka tashi. Tun ranar na gane ni ta rubutawa ce, karantawa sai mai baki.

Na biyu. Bik ɗina, birona ke nan, na Bukar ne. In ya ƙi rubutu, a murza shi a tafin hannu, kada a tsotsa. Kun ga yadda leɓena ya yi shuɗi ranar Sallah.

Na uku. Baba Alkasum mai tebur ya daɗe yana ba ni takardun ƙunshin sukari ina rubutu a bayansu. Na yi wa jikarsa alkawarin labarin da sunanta zai fito a ciki. Yana ƙarƙashin tabarmata, a kai mata.

Na huɗu. Illa da Bukar, faɗan wa zai karanta ya isa haka. Illa ya riƙa karantawa, Bukar ya yi muryoyin dabbobi, don kukan jakinsa har jakin maƙwabta na amsawa.

Na biyar shi ne babba. Kun san autarmu Gana ba ta cin tuwon jar dawar taimako, ta ce warin buhu yake. Wuyanta ya zama kamar sillen kara kafin na gano dabara. Ba ta buɗe baki sai ana labarin Zabuwa, wadda ta fita neman gajimare don ta tambaye shi laifin da Damagaram ta yi masa. Loma ɗaya, magana ɗaya. In ta rufe baki, mai labari ya rufe nasa. Kada ku ji tausayinta ku ci gaba, ko ta yi kuka.

Na rubuta muku har inda Zabuwa ta kwana a ƙauyen Gaffati, takarda ta ƙare. Sauran ku ƙirƙira. Ba wuya: ku sa ta ɓata hanya, ku sa ƙaya ta soke ta, ku sa ta yi gardama da kunkuru. Amma kada ta ga gajimare, kada ta koma gida, sai ranar da sabon gero ya shigo gidanmu. Ranar ku ƙare shi yadda kuke so, ku aiko mini in ji.

Ku ci a kwano ɗaya, ku kwana ɗaki ɗaya, ku bi Babanmu. Wanda na mara, ya yafe mini. Allah Ya yi muku albarka, Ya saukar da ruwa, Ya sa in tarar da Gana ta fi ƙarfin goyo.