Hannun Isa Ya Warke

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da yara. Yaya jikin Inna, yaya zafin Bur Sudan? Mu nan Gadarif lafiya lau, alhamdu lillahi.

Albishirinki, hannun maigidana Isa ya warke, ko da yake ba ki ji abin da ya same shi ba. Lokacin yankan riɗi a gonar da yake aiki a Gedambaliya motar ruwa ta makara, sai ma'aikata biyu suka kaure da faɗa kan ruwan da ya rage a barmil, wato duro. Ɗaya ya fasa wa ɗaya baki da sanda, shi kuma ya zaro lauje. Isa ya diro daga tarakta ya shiga tsakani, laujen ya sauka a damtsensa har ƙashi. Da rawaninsa aka ɗaure wurin, kafin a iso asibiti jini ya jiƙe buhunan da aka kwantar da shi a kai. Da na gan shi sai na fashe da kuka. Shi kuwa cewa ya yi, "Bar kuka, Hawwa, ai wuyan mutum laujen ya nufa."

Yanzu yatsunsa duk suna motsi, jiya da kansa ya ɗaga 'yarmu Zainabu. Mai gonar kuma ya naɗa shi wakilin ma'aikata.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa. Inna kuwa zancen wakilcin kawai za ki yi mata. In mun zo da salla ta ga tabon, mai shi yana tsaye a gabanta.

Ƙanwarki,
Hawwa