Ƙafa ta Biyar

Ƙanena Sani,

Gaisuwa mai yawa daga Sheme. Ya aiki, ya iyali, ya ruwan Fatakwal? Mu nan lafiya lau.

Injin ban-ruwan gonar Baba yanzu yana kunna kansa. Sati uku ina haɗa wayoyin na'urar da ke kunna shi, ina rubuta kowane gwaji a littafina, ban lura ba cewa, cikin 'yan ƙafafun ƙarfen da ake haɗa wa waya, na saita ƙafa ta biyar ta ƙwaƙwalwar na'urar ta karɓi wuta maimakon ta fitar. Kai da saƙo ɗaya ka gano. Na gode.

Amma jiya a masallaci Baba ya ce, "Ai Sani ya gyara, daga can." Ina gefensa, da ƙunar dalmar liƙa wayoyi a yatsuna. Wataƙila gaskiyarsa ce.

Ka sa ni a addu'a, zuciyata ta huce. Ka gaida Hajara.

Yayanka, Lawal.

Aikin gobe:
naɗe wayoyi,
rufe akwatin na'urar,
nuna wa Baba littafin, in na iya.