Sunan Baba da Ɗorawar Durun

Gwarzo, Talata

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki? Ya su Gwaggo Marka? Adawiyya, ki karanta mata a hankali.

Na je kotun Kabo kamar yadda muka yi, suka ce tsofaffin takardu suna kotun Gwarzo, sai na wuce. Inna, ban taɓa ganin irin wannan ba. Tun da aka kawo Shari'a mutane cike, kowa da kukansa. Akwai wani ɗaki, takardu ɗaure da igiya har rufi. Magatakarda ya ce duk cinikin gonar da aka yi gaban alƙali yana ciki, har na waɗanda suka rasu. Kuma ko talaka ya tambaya sai a duba masa. Ni takalmi ma na cire a ƙofa, suka yi ta dariya.

Na gaya masa Baba ya sayar wa Ya'u gona shekarar da abinci ya yi tsada, amma ban da ɗorawar da ke cikinta, yanzu Ya'u zai sare ɗorawar, alhali da kalwarta kike daddawa. Ya tambayi sunan Baba, na ce Mijinyawa. Ya duba har azahar, babu. Ya ce wannan laƙabi ne, sunan yanka ake rubutawa.

Inna, kunya ta kama ni. Ina goye ya rasu, kuma baƙo ne a Durun, kowa Mijinyawa ya sani. Na san mace ba ta faɗin sunan mijinta, amma ke kaɗai kika rage. Ki taimaka, Ya'u ya riga ya yi magana da masu gatari.

Ɗanki,
Uwaisu

Gwarzo, Alhamis

Inna,

Ina gaishe ki, ina fata kin tashi lafiya. Direban Durun ya kawo min takardar Adawiyya. Ta ce da ta karanta, kin ja mayafi kin shige ɗaki, daga can kika ce a tambaye ni wa kike kai wa ɗinki.

Tela Abdulhafiz. Tun ina yaro nake ji kina ce masa Mai Sunan Malam, ni na zaci wani malamin allo ne.

Na koma na faɗa. Magatakarda ya hau kujera ya sauko da wani ƙulli, gara ta ci gefensa. Ya buɗe, ya karanta da ƙarfi: “Abdulhafiz na Durun ya sayar da gona, ban da ɗorawar da ke gabas, ta matarsa ce.”

Ta matarsa, Inna. Haka ya sa aka rubuta.

A ƙasa akwai dangwalen yatsansa, shuɗi, bai goge ba. Na roƙa aka bar ni na ɗora nawa a kai. Nasa ya ɗan fi faɗi. Ban san na daɗe a tsaye ba sai da na baya ya taɓa ni.

Sun ba ni kwafi mai hatimi, sun ce in kai wa mai gari ya kira Ya'u. Gobe bayan Juma'a ina hanya. Takardar tana cikin rigata. In na zo zan karanta miki duka, wurin sunan kuma sai in yi shiru.

Ki gaida Gwaggo Marka.

Ɗanki,
Uwaisu Abdulhafiz