Hannun da Ke Riƙe Sirinji

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina lafiya, kuma ciwon gwiwar nan ya sassauta.

Jikana yana nan cikin kwalba a ɗakin bakwaini. Bai iya tsotso ba, don haka 'yata, uwarsa, ke tatsa, a zuba a sirinji, nonon ya bi wata siririyar roba ta hancinsa zuwa ciki. Da yake ɗinkin tiyata bai bar ta ta tsaya ba, ni aka koya wa riƙon sirinjin. In na ɗaga hannu nonon ya yi gudu, in na sauke ya tafi a hankali.

Likita tana ɗora bakin na'ura a maɗigarsa kafin a ba shi nono da kuma bayan an gama. Ta ce ciyarwar kan sauya gudun jini a ƙwaƙwalwar irin waɗannan yara, nasa kuma yana jinkirin daidaitawa. Tun daga ranar nake tuhumar hannuna. Ko a salla sai in tsinci kaina ina auna tsayin da na ɗaga shi, har raka'a ta ɓace mini. Allah Ya yafe mini.

Ki gaishe da maigidanki.

Ƙanwarki

Yaya,

Sallama da fatan alheri. Saƙonki ya iso, Allah Ya saka da addu'a. Yaya jikin?

An karɓe sirinjin, an sa inji mai ɗiga nonon kaɗan-kaɗan. Hoton kansa ya nuna jini ya zuba a ciki. Likita ta tabbatar mini ba hannuna ba ne, jijiyoyinsa ne ba su yi ƙwari ba. Bakina ya yarda da ita. Ta ce ko ya rayu, da wuya ya zauna ko ya gane mu.

Na tashi zan roƙa masa tsawon rai, sai na ji ina roƙon abin da ya fi alheri. Ban sani ba, tawakkali ne ko gajiya.

Uwarsa ba ta sani ba. Kullum tana tatsa, tana murnar nono ya ƙaru. Jiya ta tambaye ni abin da likita ta ce, ni da na hore ta a kan ƙarya, na ce mata yana ƙiba. Kuma yana ƙibar.

Ki daure ki zo, ki zauna kusa da ita. Ni zan faɗa mata, amma ba zan iya kallon fuskarta ni kaɗai ba.

Wassalam.

Ƙanwarki