Waken da Ya Tafi Tsafe

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Ya Hajiya da yara, ya zaman Legas? Ƙafar taka ta yi sauƙi? Mu nan Gusau jiki lafiya, sai dai zuciya.

Ka san aikina a kamfanin hatsi shi ne tabbatar da an bi ƙa'ida kafin kaya su fita. To, mun sa wa wake maganin ƙwari, kuma ƙa'ida ta ce sai ƙarfinsa ya fita kafin a sayar. Manaja ya samu mai saye daga Tsafe, ya ce in sa hannu. Na ce, "Alhaji, har yanzu buhunan warin magani suke yi." Ya yi dariya ya ce, "Malam Doka, wa ke cin wake ɗanye? Ai wankewa za su yi."

Ban sa ba. Washegari ya tura ni Bungudu duba wani sito da ba komai ciki sai ɓeraye. Kafin in dawo, mota ta yi lodi ta tafi.

Na rubuta wa shugabanni, shiru. Har yau sahu ɗaya muke sallah da shi, yana gaishe ni da fara'a. Kullum ina tambayar kaina, ko ni ne na cika tsanani, ko kuwa tsoron rasa aiki ne ya hana ni ɗaga murya. Ban sani ba.

Na hana gidana sayen wake. Sauran gidaje fa, wa zai gaya musu?

Ka gaida Kawu Isa da maƙwabta. Ka sa ni a addu'a, Yaya, ka haɗa da mutanen Tsafe.

Ƙaninka,
Umaru