Waiwaye Ta Kafaɗa

Litinin, 6 ga Oktoba
Sun bugo daga ofishin lasin. Wai sai na sake gwajin tuƙi a watan gobe, in na faɗi su karɓe. Ni Orest Hawryluk, da na fara jan tarakta tun ƙafata ba ta kai birki ba. Duk aikin maƙwabcina Vern Doerksen ne. Ranar da na hau babban titi ban gan shi ba, ya kauce ya faɗa kwalbati. Ko ƙwarzane bai yi ba, amma sai da ya kai wa 'yata Marlene, ita ta kai wa likita, likita ya kai ƙarata. 'Yar cikina fa.

Matata Lesia tana gidan kula da tsofaffi a cikin gari. Abincin dare ba ta karɓa daga hannun kowa sai nawa. Bas ba ta biyowa ta gonar nan. In babu lasin, da me zan je wa matata?

Alhamis, 9 ga Oktoba
Marlene ta ja ni wurin mai gyaran gaɓoɓi, Misis Tolentino. Ta ce in waiwaya in kalli ƙofa. Na kalla. Ta ce, "Mista Hawryluk, wuya na ce. Kai da kujerar kuka juyo gaba ɗaya." Har Marlene ta yi dariya.

Wai mai gwaji sai ya ga ka waiwaya ta kafaɗa kafin ka canza layi, in bai gani ba ka faɗi. Na ce to madubai uku da aka sa wa mota na ado ne? Ta ce in riƙa jan haɓa ciki kamar kunkuru, in kai kunne wajen kafaɗa, in juya kai dama da hagu a hankali, inda ciwo ya fara in tsaya. Wasan yara.

A hanya Marlene ta ce, "Tato," wato Baba da yarenmu, "ɗakin ƙasa na gidanmu ba kowa a ciki." Na kunna rediyo.

Asabar, 11 ga Oktoba
Ban yi kunkurun ba.

Talata, 14 ga Oktoba
Lesia ta kira ni da sunan wanta da ya rasu, amma ta buɗe baki ta cinye miyarta tas. Da na dawo gida na kashe akori-kura, na zauna a ciki, ba mai kallona. Na gwada waiwayen ba tare da ɗaga ɗuwawu ba. Hagu, iyakar abin da na gani madubin gefe.

Laraba, 15 ga Oktoba
Abin da ya ƙi juyawa ƙarfi ake sa masa. Na kama haɓa da hannu ɗaya, ƙeya da ɗaya, na murɗa kamar noti. Wani abu ya ce ƙas.

Juma'a, 17 ga Oktoba
Tun ranar ina kwance. Ko kofi sai da tsinken sha. Nas ɗin gidan tsofaffi ta bugo, Lesia shayi kawai ta sha, ta ture cokali. Ban gaya wa Marlene ba, abin da take jira ke nan.

Litinin, 20 ga Oktoba
Misis Tolentino ta taɓa ƙeyata. Na ce mata noti mai tsatsa ne, sai da ƙarfi. Ta ce, "In ka samu noti mai tsatsa a injin girbinka, sifana kake fara kawo masa?" Na ce wane sakarai ne zai yi haka, ai karyewa zai yi, mai ake zuba masa a bar shi ya sha. Ta tsaya tana kallona kawai.

Tawul mai ɗumi tukuna, sannan kunkurun. In na sake murɗawa da hannu, ita da kanta za ta bugo wa ofishin.

Lahadi, 26 ga Oktoba
Ina yi safe da yamma, a ɗakin girki, labule a sauke. Wuyan yana ƙara kamar ana taka tsakuwa. Misis Tolentino ta ce ƙarar ba komai ba ce in ba ciwo. Ita ai ba a kanta ake yi ba.

Laraba, 29 ga Oktoba
Na tsaya shan kofi a gidan mai. Duk tsofaffin banzan suna nan. Ina shiga Vern ya ce, "A matsa, ga mujiya mai koyon juya wuya ta iso!" Aka kwashe. Na ce mujiyar dai ba ta taɓa kwana a kwalbati ba. Da zan fita ya biyo ni waje, ya rage murya: "Orest, ka sa hula mai dogon baki. Kaɗan ka motsa, mai gwajin zai ga kamar ka juya sosai. Haka surukina ya ci." Mutumin da ya tura ni rijiya, shi ne da igiya. Ina da irin hular dai, tana nan a kan kujera.

Talata, 4 ga Nuwamba
Dama ta saki, har ɗinkin kafaɗar rigata nake gani. Hagu ta kafe. Kuma ta hagun ake waiwayawa in za a shiga titi.

Lahadi, 9 ga Nuwamba
Dusar ƙanƙara ta fara. Hankalina ba ya wurin har na zubar wa Lesia miya a wuya. Ta ce, "Kai wa ya ɓata maka rai?" Gwajin ranar Laraba ne.

Laraba, 12 ga Nuwamba
Mai gwajin mace ce, sa'ar Marlene, fuska ba wasa. Na sa hular. Muka zaga gari lafiya, har ta ce in koma layin hagu. Na sa sigina, na duba madubi, fayau, ba kowa. Na ɗan kaɗa bakin hular yadda Vern ya ce, hannuna har ya fara karkata sitiyari. Ban san dalili ba, wuyan ya ci gaba da tafiya shi kaɗai yadda ya saba a ɗakin girki. Wata 'yar farar mota, daidai ƙugun motata. Har kujerar jariri na gani a baya.

Na koma layina. Matar ta rubuta wani abu a takardarta.

Na ci. Amma tuƙin rana kawai, in duhu ya yi ba ni ba titi. Yanzu kuwa rana na faɗuwa kafin a kawo musu abincin dare. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai ban yi ba.

Juma'a, 14 ga Nuwamba
Na bugo wa Marlene. Ta ɗauka da sauri, "Tato, lafiya?" Na ce ba mutuwa na yi ba. Na gaya mata lokacin da mamanta ke cin abinci, da cewa ba ta son cokalin ƙarfe, kuma sai an fara zama ta gefen taga an yi shiru. Ta ce ko ta biyo ta ɗauke ni. Na ce titi na gwamnati ne, in ta ga dama ta bi.

Ban roƙe ta ba. Na dai share ƙanƙarar ƙofar gida, har bakin titi, yadda ƙaramar mota za ta iya shigowa.