Randar da Baba Ya Huda

Wudil, Jihar Kano,
Janairu, 2001.

Zuwa ga ƙanwata Radiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Ɗayyabu da ɗana Abba, kamar yadda muke nan lafiya ƙalau. Yaya aka sha ruwa, yaya kuma aka yi Sallah a Kumasi? Allah ya karɓi ibadarmu, ya maimaita mana, ya sa ta baɗi a tsakar gida ɗaya za mu ci tuwonta. Allah ya jiƙan Inna, ya kai haske kabarinta.

Labarin gida sai alheri. Hansai matar yayanki Ƙasimu ta sauka lafiya tun kafin azumi, an sami mace, ta ci sunan Inna, muna kiran ta Uwa. Baƙa ce siɗik mai ƙarfin murya, in ta tsala kuka har masu kifi na bakin gada sai sun ji. Albasa ta yi kyau bana. Baba kuma yana nan da sauƙi, sai dai gwiwoyin nan sun ci ƙarfinsa. Tun ƙarshen damina ya sakar wa Ƙasimu lambun bakin kogi gaba ɗaya, ba don yana so ba, don gangaren ne ya fi ƙarfin ƙafarsa.

Abin da ya sa na ɗauki biro yau zancen shukarki ne, kuma kada ki yi saurin dariya. Kin tuna zabuwar nan da ƙawarki Rifkatu ta kawo miki daga garinsu Fankshin, lokacin da kuke koyarwa tare a firamare? Mai kaurin ganyen nan da ƙaya a gefe da ɗigo-ɗigon fari, wadda 'yan boko ke ce wa alobera. Ke kika rarraba 'ya'yanta a tsofaffin tukwanen Inna da suka tsage ba sa riƙe ruwa, kika jera su a gindin katanga, muna yi miki tsiya wai kin rasa abin shukawa sai abin da ba a miya da shi. Ranar da za ku bar gari a gurguje, sojoji na neman mijinki a kan rubuce-rubucen ƙungiyar malamai, kin durƙusa gaban Baba, sai kika ce ya duba miki su kafin ki dawo. Na san ke kin faɗa ne don kada kuka ya ƙwace miki. Shi kuwa ya ɗauki maganar ya riƙe ta da hannu biyu.

Duk shekarun nan ba abin da ya same su, kuma gaskiya ba don kulawar kowa ba. Baba ba shi da lokacinsu, daga masallaci sai bakin kogi. Ruwan sama kawai suke sha, sai ɗan abin da Hansai ta watsa musu in ta tuna, amma sai ƙiba suke yi suna ta 'ya'ya. Matsala ta faro ne da ya zauna a gida, hannu ba aiki. A daidai lokacin takardarki ta iso, wadda kika ce Malam Ɗayyabu ya ce a ƙara jira tukuna, don sojoji sun taɓa miƙa mulki a baya suka dawo suka karɓe abinsu. Ni na karanta masa. Sai ya ci gaba da jan tasbaharsa. Da Juma'a ta zagayo ya dogara sanda ya shiga kasuwa, ya wuce kara ko kallon shanu bai yi ba, ya nufi wajen masu tukwane. Ya zaɓo sababbin randuna, kowace sai da ya ƙwanƙwasa ta ya ji ƙararta don kada a haɗa shi da mai tsagu. Wai abin kunya ne amanar 'yarsa ta zauna a fasasshiyar tukunya kamar ba ta da kowa.

Ya sa Ƙasimu ya ɗebo masa baƙar lakar fadama, ya cuɗa da takin awaki, ya dasa su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan fa sai ban ruwa safe da yamma, yadda ya saba yi wa albasa tun kafin a haife mu. Ni ma da na zo na gani yabawa na yi, na ce kai, zabuwar Radiyya ta shiga gata. Kin san mu mutanen bakin kogi, in aka ce shuka to ruwa muka sani. Ba a daɗe ba ganyen ya fara laushi yana kwantawa. Baba ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa. Ganyen ya koma ruwan ɗorawa, gindin ya yi taɓo yana wari, biyu daga ciki suka narke a hannunsa da ya taɓa su. Radiyya, ban taɓa ganin Baba haka ba, ko shekarar da ambaliya ta cinye masa lambu. Ya rage cin abinci, ya rage hira. Ya ce da ni abu ɗaya tak kika bar masa a duniya, shi ne ya lalace a hannunsa, to da wane ido zai dube ki. Ni kuwa tsoro ya kama ni, ba don shuka ba, don na ga tsohon yana bin ta a baya.

Ana cikin haka sai Allah ya jefo mana Rifkatu. Ashe mijinta Malam Bulus ya sami aiki a jami'ar nan da ake shirin buɗewa a garin nan, sun dawo daga Jos da zama. Ta zo gaishe mu, da niyyar kuma ta roƙi ɗan zabuwa ɗaya, don tata ta ɓace mata wajen ƙaura. Tana nan yadda kika san ta, da dariyarta da saurin hannunta, sai furfura 'yar kaɗan. Ta durƙusa ta gaida Baba, ta yi mana ta'aziyyar Inna har da hawayenta, sannan ta waiga ta ga randunan, sai ta dafe ƙirji. Ta leƙa ƙarƙashin ɗaya ta ga ba huda, ta tura yatsa cikin ƙasar ta ji caɓi. Cikin ladabi ta gaya wa Baba cewa gata ne ya yi musu yawa, don a garinsu a kan duwatsu abin yake fitowa, inda ruwa ba ya kwana. Nan take ta naɗe hannun riga, ta tumɓuke su duka, ta karɓi wuƙar Hansai ta yanke duk inda ya ruɓe, ta barbaɗa toka a kan yankan, ta shimfiɗa su a inuwar rumfa ba ƙasa ba ruwa. Ta ce a bar su haka sai yankan ya bushe, a kawo yashin kogi irin wanda tifofi ke ɗiba, sannan a huda gindin kowace randa.

Nan aka yi ta. Baba ya ce shi tun da ya yi wayo bai taɓa ganin mai hankali ya huda lafiyayyar randa ba, kuma in matan da suka gina su suka ji, sai sun ce ya wulakanta musu gumi. Rifkatu ba ta ja da shi ba, ta ce dai ruwan da ya shiga dole ya sami hanyar fita, ta yi sallama ta tafi. Kwanaki yana zaune yana kallon shukar nan a kwance saiwa a waje, yana cewa ko maƙiyi ba a yi masa haka. Ran nan da hantsi ina gidan, sai na ji ya ce a miƙo masa ƙusa da dutse. Ƙasimu ya ce ya kawo ya yi masa, ya ƙi. Ya kife randar a kan buhu, ya jiƙa wurin, ya yi bisimilla, ya dinga ƙwanƙwasawa a hankali yana runtse ido kamar shi ake yi wa allura, har ƙusar ta faɗa ciki. Haka ya bi su duka da hannunsa.

Saura kuma dokar ruwa. Rifkatu ta ce in an ba su wannan Juma'ar, a tsallake mai zuwa sai ta gaba. Wannan ce ta fi yi wa Baba wuya. Hansai ce ta fara lura da cewa wurin alwalarsa yana matsowa kullum, yau a bakin zaure, gobe a tsakar gida, jibi ga shi dab da randuna. Ni da kaina na kama shi yana yarfa musu ruwan hannunsa, yana waige-waige kamar yaron da ya saci ƙuli-ƙuli. Na ce masa zan kai ƙararsa wajen Rifkatu. Ya yi 'yar dariya, sannan ya ce shi duk rayuwarsa hanya ɗaya ya sani ta nuna wa abu kulawa, ita ce ya ba shi ruwa, to abin da ba ya son ruwa me zai yi masa? Na shige ɗakin girki na ce hayaƙi ne ya shigar mini ido.

To ga albishir. Babbar, uwar tasu, ta farfaɗo, ta fito da sabon ganye kore shar daga tsakiya, ƙananan ma duk sun kama. Rifkatu ta ɗauki nata ta dasa a ƙofar gidansu, ta kuma yi wa Baba alkawarin in damina ta faɗi za ta kawo masa wani fure daga Jos, ɗan uwan zabuwa ne wai, yana buɗewa da safe ya yanƙwane da yamma, kuma shi yana shan ruwa. Baba ya ce wannan ne ɗan halas. Amma babban abin shi ne na bayan rumbu. Ashe da randuna suka ƙare, akwai guda ɗaya da ta rage a tsagaggiyar tukunyar Inna, Ƙasimu ya tura ta can kowa ya manta da ita. Makon jiya Hansai ta je neman ƙwan kaza, sai muka ji ta tana kiran mu. Zabuwar ce ta fitar da kara dogo har ƙugun mutum, ya yi rassa, furanni ja da ruwan lemo suna reto kamar barkono a jikin uwarsa, 'yan tsuntsaye masu dogon baki suna ta zarya a kai. Maƙwabta har shigowa suke kallo. Baba ya sa aka kai masa tabarma wurin, ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba, har ya cinye tuwonsa tas a ranar.

Sai dai da yamma ya kira ni ya faɗi maganar da ta hana ni sukuni. Ya ce ya ɗauki darasi: wadda ya dama da kulawa ta ruɓe, wadda ya ƙyale ita ce ta yi fure. Saboda haka kada in ƙara rubuta miki zancen dawowa, a bar ki inda Allah ya ajiye ki, wataƙila can ɗin ne ya karɓe ki. Tun ranar ya daina aika Ƙasimu tasha tambayar direbobi ko an ba su saƙo. Ya daina ambaton ki a hira. Yana ganin alheri yake yi miki, ni kuwa shirun nan ya fi ba ni tsoro a kan rashin cin abincin.

Kin ga ban bi umarninsa ba, Allah ya yafe mini. Zabuwa ita ce ke iya shekara da shekaru ba a waiwaye ta ba. Baba ba haka yake ba, kuma ke ma na san ki, ba haka kike ba. Ki gaya wa Malam Ɗayyabu ina gaishe shi da girmamawa, ban ce tsoronsa ba shi da dalili ba, wanda aka nema shi ya san yadda abin yake. Amma damina biyu ke nan da farar hula suka karɓi mulki. Abokan ƙungiyarsu da suka ɓuya duk sun fito, ɗaya ma yana koyarwa a Kano. A teburin mai shayi mutane na caccakar shugaban ƙaramar hukuma da rana tsaka, ba mai waiwayawa. Haladun nan da ke soya kifi a bakin gada shi ne kansilanmu yanzu, har da babbar riga, in kin gan shi sai kin riƙe ciki. Ba wanda ya san gobe sai Allah, amma yau ɗin dai hanya a buɗe take. In shi bai shirya ba, ya bar ki ki zo da Abba ku yi mana Babbar Sallah. Yaron nan sunan Baba ya ci, kuma har yau Baba bai taɓa ɗora hannu a kansa ba. Furen da ya fito ba zai jira ki ba, amma Rifkatu ta duba ta ce akwai wani karan yana tasowa daga ƙasa.

Maigidana yana gaishe ku, haka Halliru da ƙannensa, suna ta tambayar yaushe za su ga ɗan uwansu. Ƙasimu da Hansai suna gaisuwa, Gwaggo ta Darki ta ce in gaya miki idonta ya yi sauƙi. Rifkatu da Malam Bulus sun ce a gaishe ku da kyau, ita har ta ce ki zo ki biya ta ladan aikin asibitin da ta yi. Baba ne kaɗai bai ba ni saƙo ba, don bai san ina rubutun nan ba. Amma Juma'ar da ta wuce ya sake dogara sandarsa ya shiga kasuwa, ya dawo da 'yar ƙaramar randa guda ɗaya. Ba wanda ya sa shi, ya zauna ya huda gindinta, ya cika ta da yashi, ya ajiye ta a ƙofar tsohon ɗakinki bai dasa komai a ciki ba. Hansai ta tambaye shi ko ta ciro masa ɗan zabuwa ɗaya ta saka, ya ce a'a, a bar ta, mai ita yaro ne, da hannunsa zai dasa.

Allah ya kawo ku lafiya, ya sada fuskokinmu da alheri.

Yayarki mai jiran ki,
Yelwa.